Fashin Baƙi: Me Ƙungiyoyin Binciken Kufai Ke Yi, Kuma Ta Yaya Aka San Daɗaɗɗen Tarihin Tsibirin Jersey?

A watan Disamba na shekarar 2021 gwamnatin tsibirin Jersey ta biya fam miliyan 4.25 domin ta mallaki wani dunƙulen tsofaffin sulalla da aka tono a wata gona shekara 9 kafin nan. Labarin ya zagaya duniya, ya kuma ƙara ƙarfafa wata fahimta da ta daɗe a zukatan jama'a, cewa aikin masu tonon kayan tarihi farautar dukiya ne kawai, wanda ya dace ya yi arziki, wanda bai dace ba ya koma gida da ƙura. Tambayar da ta kamata a yi ita ce: mene ne ainihin aikin waɗannan mutane, musamman ƙungiyoyin sa-kai da ke kula da yanki guda, kuma ta wace hanya aka iya sanin cewa wannan ɗan tsibiri ya kasance mazaunin mutane tun kimanin shekara 250,000 da suka wuce, a lokacin da giwaye masu gashi ke kiwo a inda teku take a yau? Amsar tana da alaƙa da wata ƙungiya mai suna Société Jersiaise, wadda ta haura shekara 150 tana wannan hidima.

Ina ne Jersey?

Yawancin 'yan Najeriya sun fara jin sunan Jersey ne ta dalilin kuɗaɗen da aka danganta da marigayi Janar Sani Abacha, waɗanda aka riƙe a tsibirin, aka kuma dawo da fiye da dala miliyan 300 daga cikinsu a 2020. Tsibirin yana cikin mashigin ruwan da ya raba Ingila da Faransa, kimanin kilomita 22 daga gaɓar yankin Normandi na Faransa. Faɗinsa bai wuce murabba'in kilomita 120 ba, mutanensa kuma sun ɗan haura 100,000. Yana ƙarƙashin masarautar Birtaniya, amma yana da majalisarsa da dokokinsa, kuma wannan bambanci na doka zai yi tasiri idan aka zo kan batun wanda ya mallaki abin da aka tono.

Ma'anar abubuwan da ake magana a kai

Ilimin binciken kufai shi ne nazarin rayuwar mutanen da suka shuɗe ta hanyar abin da suka bari a ƙasa: makaman dutse, fasassun tukwane, toka, ƙasusuwa, harsashin gini da kaburbura. Mai wannan ilimi yana damuwa da inda aka samu abu fiye da abin kansa. Ƙasa tana taruwa ne hawa-hawa, wanda ke ƙasa ya riga wanda ke sama, saboda haka wuƙar dutse da aka ɗauka daga hawa na shida, kusa da murhu da ƙashin dabba, tana ba da labarin lokaci da abinci da sana'a. Idan aka zare ta daga wurin ba tare da an auna an rubuta ba, labarin ya tafi, kuma babu mai iya mayar da shi, domin tono da kansa rushewa ne, ba a tona wuri guda sau biyu.

Zamanin kafin rubutu kuwa shi ne duk tsawon lokacin da al'umma ta rayu ba ta bar rubutacciyar shaida ba. Wannan zamani ba ya ƙarewa rana ɗaya a ko'ina. A Masar da Iraƙi ya ƙare fiye da shekara 5,000 da suka wuce, a Jersey kuma ya kai har zuwan Rumawa yankin, kimanin shekara 2,000 da suka wuce. Ke nan kusan dukan tarihin ɗan Adam a tsibirin yana cikin ƙasa ne, rubutaccen ɓangaren ɗan ƙanƙani ne a ƙarshe.

Ita kuma ƙungiyar yanki taro ce ta mazauna wuri, malaman makaranta da likitoci da manoma da ma'aikatan da suka yi ritaya, waɗanda ke biyan kuɗin zama mamba, suna fita gonaki da bakin teku suna dube-dube, suna shirya laccoci, suna buga mujalla, suna adana abin da aka samu. Ta bambanta da jami'a, wadda masu bincikenta ke zuwa na 'yan makonni su koma, ta kuma bambanta da hukumar gwamnati, wadda ke da ikon doka amma ba ta da idanu a kowace gona.

Tsibirin da ba kullum yake tsibiri ba

Babban abin da ke rikita mutane game da tarihin tsibiran gaɓar teku shi ne ɗauka cewa taswirar yau ita ce taswirar da. A cikin dubban ɗaruruwan shekarun da suka wuce duniya ta sha shiga zamanin tsananin sanyi tana fita. Idan sanyi ya yi tsanani, ruwa mai yawa yana daskarewa a arewacin duniya, teku ta ja baya. Idan ɗumi ya dawo, ƙanƙarar ta narke, teku ta cika. Kimanin shekara 20,000 da suka wuce teku ta yi ƙasa da matsayinta na yau da kusan mita 120. A irin wannan lokaci Jersey tudu ne mai duwatsu a tsakiyar wani makeken fili da ya haɗe da Faransa, mutum ko dabba na iya takowa da ƙafa. Wannan ne ya sa samun ƙasusuwan giwa mai gashi da karkanda mai gashi a tsibirin ba abin al'ajabi ba ne ga masana.

Akwai wata shaida mai ban sha'awa ta lokacin da akasin haka ya faru. A wani kogo da ake kira Belle Hougue a arewacin tsibirin an samu ƙasusuwan wani nau'in barewa mai rassan ƙaho, na wani zamanin ɗumi kimanin shekara 120,000 da suka wuce, lokacin da ruwa ya kewaye Jersey ya yanke ta daga babban yanki. Nazarin da masanin dabbobin da, Adrian Lister, ya wallafa a 1989 ya nuna cewa cikin shekaru kusan 6,000 na keɓewa jikin waɗannan dabbobi ya ƙanƙance har ya koma kusan kashi ɗaya cikin shida na nauyin 'yan'uwansu da ke Turai. Ƙarancin abinci da rashin namun da ke farautarsu su ne dalilan da aka fi kawowa.

Bayan ƙarewar zamanin sanyi na ƙarshe teku ta sake hawa. Tsibirin Guernsey da ke maƙwabtaka, wanda ruwa mai zurfi ya kewaye, shi ya fara rabuwa, Jersey kuma ta biyo baya da dubban shekaru, ƙasa da shekara 10,000 da suka wuce. Har yanzu ana ganin alamar wannan tsohuwar ƙasa. Bambancin cikar teku da janyewarta a Jersey yana kaiwa mita 12, yana cikin mafi girma a duniya, kuma idan ruwa ya janye sosai faɗin tsibirin yana kusan ninkawa. A gaɓar yamma, a bakin ruwan St Ouen, guguwa kan kwashe yashi ta tone kututturan tsohon daji da teku ta binne. Abin da wannan ke nufi shi ne, mafi yawan wuraren da mutanen da suka yi farauta suka kuma kwana suna ƙarƙashin ruwa, abin da ya rage a tudu ɗan gefe ne na duniyarsu.

Kafin ƙungiya da bayan kafuwarta

Domin a gane amfanin ƙungiyar, yana da kyau a duba abin da ya faru lokacin da babu ita. A 1785 sojoji na share wani tudu a saman garin St Helier, babban birnin tsibirin, sai suka ci karo da wani kabari na manyan duwatsu na zamanin manoman farko. Mahukuntan tsibirin suka ba gwamnan lokacin, Janar Henry Seymour Conway, kyautarsa, kuma a 1788 aka kwashe duwatsun a jirgin ruwa aka sake jera su a lambun gidansa kusa da Henley a Ingila. Suna can har yau. Ba a yi wannan da mugun nufi ba, an ɗauke shi karramawa ce ga babban mutum, amma sakamakonsa shi ne tsibirin ya rasa ɗaya daga cikin manyan alamunsa, kuma an rasa mafi yawan bayanin da ke cikin ƙasar da ta rufe shi. Wasu kaburburan da yawa an farfasa duwatsunsu an yi gini da su.

An kafa Société Jersiaise a 1873 domin nazarin tarihi da harshe da tsofaffin kayan tsibirin da kuma kare su. Ta fara buga mujallarta ta shekara-shekara a 1875, ta buɗe gidan adana kayan tarihi a titin Pier Road a 1893. Tana da sassa daban-daban, na kufai da na duwatsu da na tsirrai da na tsuntsaye da na harshen gargajiyar tsibirin, tana kuma da ɗakin karatu da taskar hotuna. Amma matakin da ya fi kowanne tasiri, a ganina, shi ne sayen fili. Ƙungiyar ta fahimci cewa roƙo da wa'azi ba sa hana mai gona fasa dutsen da ya tsaya masa a hanya, don haka ta riƙa tara kuɗi tana sayen wuraren da kansu, ko ta karɓe su a matsayin kyauta. Ta haka ta mallaki kaburburan duwatsu da dama da kuma wurare biyu mafi muhimmanci a tsibirin.

Kogon La Cotte: aikin da ya ci ƙarni guda

Na farkonsu shi ne La Cotte de St Brelade, wani tsagi mai zurfi a jikin dutse a kusurwar kudu maso yammacin tsibirin, yana fuskantar teku. An fara tsintar makaman dutse a wurin a 1881, kuma a 1910 mambobin ƙungiyar suka fara tono. A 1910 da 1911 suka samu haƙora 13, waɗanda aka danganta da wani jinsin mutanen da masana ke kira Niyandatal, mazauna Turai da yammacin Asiya da suka ɓace kimanin shekara 40,000 da suka wuce. Masanin jami'ar Oxford, Robert Marett, wanda shi ma haifaffen Jersey ne, ya shiga aikin. Daga shekarun 1930 wani limamin Katolika, Christian Burdo, ya ci gaba, ya kuma gano cewa ƙarƙashin hawan da aka sani akwai wasu hawa da suka fi shi daɗewa nesa ba kusa ba. Ƙungiyar ta sayi wurin a 1955. Daga 1961 zuwa 1978 Charles McBurney na jami'ar Cambridge ya jagoranci babban tono, wanda Sarkin Birtaniya na yanzu, Charles, ya halarta a 1968 yana ɗalibi.

Abin da ya fito daga wannan dogon aiki ya haura makamai da ɓarɓashin dutse 200,000, a jere hawa bisa hawa, suna nuna cewa mutane sun riƙa komowa wannan wuri na tsawon kusan shekara 200,000, suna barinsa idan sanyi ya fi ƙarfinsu ko ruwa ya yanke hanya, suna dawowa idan hali ya yi. An samu ƙonannen ƙashi mai yawa, alamar cewa a lokutan da itace ya yi wuya da ƙashi suke hura wuta. Duwatsun ma suna ba da labarin teku. Dutsen ƙyastu, wanda ya fi dacewa da yin wuƙa, ba ya cikin duwatsun asali na Jersey, sai dai a tsince shi a bakin ruwa ko a ɗauko shi daga wuraren da a yau ke ƙarƙashin teku. A hawan da ke nuna lokacin da samunsa ya yi wuya, ana ganin mutanen suna wasa makami ɗaya sau da yawa har ya ƙanƙance, suna kuma komawa ga wasu duwatsu marasa kyau da ke kusa. Daga girman ɓarɓashin dutse ake karanta nisan gaɓar teku, kuma ba za a iya wannan karatu ba da a ce masu tonon sun ɗebi manyan makamai masu kyau sun zubar da ƙananan.

Sai kuma tarin ƙasusuwa guda biyu na giwaye da karkanda masu gashi, waɗanda aka samu a jibge a gindin dutsen. A 1980 masaniya Katharine Scott ta kawo bayanin da ya shahara, cewa mafarauta ne ke koro garken daga saman tudu su faɗo cikin tsagin. An daɗe ana koyar da wannan. A 2014 wata tawaga da ta haɗa da Beccy Scott da Matt Pope ta sake duba lamarin, ta yi amfani da taswirar ƙasan teku da ke gaban kogon, ta kuma ce saman tudun yana da duwatsu da gargada da ba su dace da koro garken giwaye ba, alhali filin da ruwa ya rufe cike yake da kwazazzabai da za a iya ritsa dabba a ciki. A fahimtarsu, an kashe dabbobin ne a ƙasa aka kawo sassansu kogon. Muhawarar ba ta mutu ba, amma abin lura shi ne an iya sake buɗe ta ne saboda ƙasusuwan da littattafan tonon suna nan a adane.

Haka ma haƙoran. Fiye da ƙarni guda ana ɗauka na mutum ɗaya ne. A 2021 aka wallafa sabon nazari da na'urorin zamani, wanda ya nuna na mutum biyu ne aƙalla, shekarunsu ba su kai 48,000 ba, kuma suna ɗauke da siffofin Niyandatal haɗe da wasu siffofi irin na mutanen yau, abin da masu nazarin suka fassara da yiwuwar cuɗanyar jinsunan biyu. Waɗanda suka tono haƙoran a 1910 ba su san za a ƙirƙiro na'urar da za ta leƙa cikin haƙori ba tare da fasa shi ba. Sun dai ajiye su, sun rubuta inda suka same su, kuma ƙungiyar da suka bari ta riƙe amanar har aka zo da tambayar da ba su taɓa tunaninta ba.

Ba La Cotte kaɗai ba ne. A wani wuri da ake kira Les Varines, wanda aka gano ta hanyar tsintar ɓarɓashin dutse a gonar da aka huɗa, an tono sansanin mafarauta na kimanin shekara 15,000 da suka wuce, aka kuma samu gutsattsarin allunan dutse 10 masu zane-zane, waɗanda aka bayyana a 2020 a matsayin suna cikin zane mafi daɗewa a wannan sashe na Turai.

La Hougue Bie da kuskuren masu kyakkyawar niyya

Wuri na biyu na zamanin manoma ne. La Hougue Bie tudu ne da hannu ya tara, tsayinsa kusan mita 12, a cikinsa akwai doguwar hanya ta manyan duwatsu da ke kaiwa ga wani ɗaki, tsawonsu gaba ɗaya kusan mita 18. An gina shi kimanin shekara 6,000 da suka wuce, fiye da shekara 1,000 kafin manyan dalar Masar. An ɗebo duwatsun daga sassa daban-daban na tsibirin, wasunsu nauyinsu tan masu yawa, abin da ke nuna al'umma mai tsari da ke iya haɗa ɗaruruwan hannuwa a kan aiki ɗaya. Ƙofar tana fuskantar gabas ta yadda a ranakun da dare da rana ke daidaita, a watan Maris da Satumba, hasken fitowar rana ke ratsa hanyar har zuwa ƙuryar ɗakin. An samu ƙasusuwan mutane ƙalilan a ciki, shi ya sa masana ke ganin wurin taro ne da ibada fiye da makabartar gari. Waɗannan manoma ba a keɓe suke ba: an samu a Jersey gatura na wani koren dutse da asalinsa tsaunukan Alps ne a arewacin Italiya, ke nan kaya na tafiya daga hannu zuwa hannu, har da tsallake ruwa.

Ƙungiyar ta sayi wurin a 1919, kuma a 1924 ta tona ta gano hanyar. Amma a nan ne ma ake ganin inda ta yi abin da a yau ake suka. A saman tudun akwai tsofaffin ƙananan majami'u biyu na ɗaruruwan shekarun da suka wuce, kuma a ƙarshen ƙarni na 18 an gina wata hasumiya a kansu wadda ta zama sananniyar alama a tsibirin. A 1924 ƙungiyar ta rushe hasumiyar, domin a ganinta sabon abu ne da ya ɓata tsoho. Masu kula da kayan tarihi na yanzu ba za su yarda da haka ba, saboda sun ɗauki kowane zamani da ya bar sawunsa a wuri a matsayin ɓangaren tarihin wurin. Shi ya sa ramin yaƙin da sojojin Jamus suka gina a jikin tudun lokacin da suka mamaye tsibirin daga 1940 zuwa 1945 aka bar shi, aka mayar da shi wurin tunawa da waɗanda aka tilasta wa aikin ƙarfi. Son abu ba ya hana a cutar da shi, kuma tarihin ƙungiyoyin sa-kai a ko'ina yana da irin waɗannan tabo.

Sulallan Grouville: wa ya mallaki abin da ke ƙasa?

A watan Yuni na 2012 wasu mutum biyu masu amfani da na'urar gano ƙarfe, waɗanda suka shafe kusan shekara 30 suna nema a yankin Grouville, suka gano dunƙulen sulallan da aka ambata a farko. Abin da suka yi bayan nan shi ne ya bambanta wannan lamari da ɗaruruwan irinsa: sun tsaya, sun sanar da hukuma. Masu bincike daga Société Jersiaise da hukumar Jersey Heritage, mai kula da gidajen tarihin tsibirin, suka tona kewayensa, aka ɗaga shi ɗungurungum, nauyinsa kusan kashi uku cikin huɗu na tan. An shafe shekaru ana ware shi sulai bayan sulai a ɗakin gwaji, a gaban idon masu ziyara, da taimakon 'yan sa-kai, ana rubuta matsayin kowanne, har aka kammala a 2017. An ƙirga fiye da 69,000, yawancinsu na wata ƙabila mai suna Coriosolites da ke zaune a gaɓar Faransa ta yau, tare da sarƙoƙin wuya na zinariya. An binne su kimanin shekara 2,000 da suka wuce, a zamanin da Rumawa ke shimfiɗa mulkinsu a yankin.

Daga nan aka shiga takaddama. Ingila tana da dokar 1996 da ta fayyace yadda ake sanar da irin wannan tsintuwa da yadda ake raba lada tsakanin mai tsintuwa da mai fili, amma dokar ba ta aiki a Jersey, wadda a lokacin ta dogara da tsohuwar al'adar shari'a da ke ba masarauta irin wannan dukiya. Jaridu sun yi ta ambaton fam miliyan 10, ƙiyasin masana ya sha bamban, aka kuma kwashe shekara 9 kafin a daidaita. Masu goyon bayan biyan kuɗin sun ce idan ba a saka wa mai gaskiya da lada mai kyau ba, mai tsintuwa na gaba zai yi shiru ya sayar a ɓoye. Masu suka kuma sun ce kuɗin jama'a ne, kuma babban lada yana jawo mutane su bazama gonaki da na'urori suna tone-tone ba tsari. Kowane ɓangare yana da hujja, sai dai na fi karkata ga na farko, domin hanin da ba ya tare da lada yakan kore tsintuwa zuwa kasuwar bayan fage ne kawai, kuma abin da ya shiga can ba ya dawowa da bayaninsa.

'Yan sa-kai ko ƙwararru?

Akwai wani saɓanin da ba ya shiga jarida sosai. Tono a yau yana buƙatar gwajin kabon da sauran hanyoyin auna shekaru, da na'urorin leƙen ƙasa, da kuɗin da ƙungiyar mambobi ba ta da shi. An kuma kafa Jersey Heritage a 1981, wadda ke samun tallafin gwamnati, take kuma gudanar da gidajen tarihi da wuraren da wasunsu mallakar ƙungiyar ne. Wasu na ganin da zuwan ƙwararru zamanin 'yan sa-kai ya wuce, kuma gaskiya ne cewa tonon farko-farko ya yi asarar bayanai da yawa da za a iya ceto da hanyoyin yau.

Amma ƙwararru ba sa zama a wuri. Wanda ke bin bakin teku washegarin guguwa, ko ya bi bayan garma yana duba ƙasa, mazaunin wurin ne. A Guernsey, inda takwarar ƙungiyar mai suna La Société Guernesiaise take aiki tun 1882, mambobinta ne suka lura da wasu duwatsu bayan ciyayi sun ƙone a wani fili a ƙarshen shekarun 1970, kuma tonon da ya biyo baya ƙarƙashin Ian Kinnes na Gidan Tarihin Birtaniya ya fito da Les Fouaillages, kabarin da ya haura shekara 6,000, ɗaya daga cikin gine-ginen dutse mafi daɗewa a yammacin Turai. Tsarin da ya yi aiki a tsibiran biyu shi ne rabon aiki: mazauna su gano su sanar su kuma riƙe fili, jami'o'i su kawo fasaha, hukuma ta kawo doka da kuɗi.

Abin da ya shafi mutanen gari

Ga manomi ko mai gini, samun kufai a filinsa na iya zama jinkiri da kashe kuɗi, domin izinin gini a wurin da aka san yana da tarihi kan zo da sharaɗin a bincika kafin a zuba harsashi. Wannan koke ne na gaskiya a tsibiri mai ƙarancin fili da tsadar gidaje. A ɗaya ɓangaren, wuraren suna kawo masu yawon buɗe ido, suna ba yaran makaranta damar taɓa tarihin garinsu da hannu, suna kuma ba dattawa da matasa aikin sa-kai mai ma'ana. Bayanan tsofaffin gaɓoɓin teku da ke cikin waɗannan wurare suna da amfani ga masu tsara kariya daga ambaliya, tunda suna nuna inda ruwa ya taɓa kaiwa da saurin da ya yi.

Barazanar da ta fi kusa ita ce tekun kanta. Hawan ƙasar da ya rage a La Cotte yana gindin dutse ne inda igiyar ruwa ke duka, kuma guguwa mai ƙarfi guda ɗaya na iya kwashe abin da ya taru cikin dubban shekaru. Wannan ne ya sa a 'yan shekarun nan aka gina katanga a bakin tsagin, aka ɗaure jikin dutsen domin kada ya rufta wa ma'aikata, sannan aka koma tono a sassan da suka fi fuskantar haɗari. Katanga irin wannan tana da tsada, kuma ba za a iya gina ta a kowane lungu na gaɓa ba. Saboda haka masu kula da tsibirin suna fuskantar zaɓi mai wuya a kowace shekara, wane wuri za a kare, wane za a yi sauri a tona a rubuta kafin ruwa ya ci, wane kuma za a bari. Da hawan teku da ake gani a wannan ƙarni, jerin wuraren da ke jiran wannan hukunci yana ƙaruwa ne, kuma mafi yawansu sai wani mazaunin gaɓar ya gani ya kai rahoto kafin su shiga jerin.